Iskar Ha'il da Ƙirjin Baba

Lugbe, Abuja.
Farkon watan Afrilu.

Zuwa ga ƙanena Abdulmajeed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu Nabilah da 'yar jaririya Ummi. Allah Ya raya ta, Ya ba ta halin mai sunanta, Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Da fatan kun yi Sallah lafiya a can Ha'il, duk da na san Sallar da babu tuwon shinkafa da miyar taushe rabin Sallah ce. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Baban Ameer an tura shi rangadi Lakwaja, ya dawo ya rame yana ta mitar sauro. Shi kuwa Ameer, tun da ya shiga makarantar lauyoyi ta Bwari ba a iya magana da shi, ko gishiri ka ce ya miƙo maka sai ya tambaye ka hujja. Gwaggo Asabe ta zo daga Zariya ta yi mana 'yan kwanaki, ƙafar tata ta yi sauƙi, ta ce in faɗa maka har yanzu tana jiran dabinon da ka yi mata alkawari tun kana saurayi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a wayarka, ka ce Yaya Rakiya ta koma zamanin gidan waya. Ba son tsohon yayi ba ne. A ofis nake rubutawa, yanzu da mutane suka watse cin abinci, in na gama in ɗauki hotonta in turo maka. A gida ba ni da lungun da zan tsaya in yi magana da kai. Wayata na yin ƙara Baba zai miƙo wuya daga falo yana tambaya ko auta ne, kunnensa kuwa ka san shi, abin da ba a so ya ji shi yake fara ji. In na yi maka saƙon murya kuma, kai sai ka kunna shi a gaban matarka kana dariya kana cewa ga Yaya ta fara. To wannan karon ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai, ka karanta ta har ƙarshe. Raina a ɓace yake, kuma da kai ne, ba zan ɓoye maka ba.

Ka san yadda daminar bara ta yi da ƙirjin Baba, ko in ce ka san abin da aka bari ka sani. To bana ruwan bai ma jira an shirya masa ba. Tun tsakiyar Maris aka fara tsuga shi a Abuja, ya sauka da iska da tsawa, gari ya waye rana ta buɗe kamar babu abin da ya faru, sai ƙasa ta yi ta tururi. Zafi ne mai danshi, irin wanda kana fitowa daga wanka kana gumi. Bangon ɗakin Baba na wajen gabas ya fara tsatsafo da laima, kayan cikin kabad duk sun ɗauki warin rima, har babbar rigarsa ta Sallah sai da aka shanya ta kafin ya iya sa ta. Na mayar da shi ɗakin Ameer, na sa an sake fenti, warin fentin ma ya zama wata fitinar. Injin da yake shaƙar magani da shi sai da wuta, in hadari ya taso kuwa wutar ce take fara gudu. A tayar da janareta, hayaƙinsa ya biyo taga ya same shi. Ni dai na rasa ta inda zan tare wa tsohon nan iska, kuma damina ko zama ba ta yi ba tukuna.

Makon da ya wuce na mayar da shi wurin Dakta Clara, wadda take duba shi tun bara. Da ta gama auna shi ta sa aka fita da shi ɗaukar hoton ƙirji, ta tsayar da ni. Na faɗa mata cewa ƙanena yana koyarwa a wani gari na Saudiyya da ke kan tudu a bakin hamada, ya nema wa Baba bizar ziyara har ta fito, so muke ya je ya yi damina a can. Ta ce busasshiyar iska za ta yi masa kyau ƙwarai, da ita ce ma da ta tura shi tun jiya. Amma ta ce abu biyu ne ba ta so su same shi a can, wato yashi mai tashi a iska, da sanyin da yake faɗowa mutum farat ɗaya bayan ya wuni cikin ɗumi. Ko ɗaya daga ciki ya kama shi a garin da ba a san tarihin ciwonsa ba, ta ce ba ta san yadda za ta kasance ba. Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ta ce a yadda jikinsa yake yau zai iya ɗaukar zaman jirgi, amma in ya sha daminar Abuja wata ɗaya ko biyu, ita ba za ta sa hannu a takardar tafiyarsa ba. Ta ce tunda muna da mutum a garin ai magana ta yi sauƙi, in tambaye shi yadda yanayin yake. Har na yi mata godiya ina murna, na manta wanda zan tambaya.

Abdulmajeed, sau nawa na tambaye ka? Na ce yaya sanyi, ka ce lokacinsa ne. Na ce to yaya zafi, ka ce shi ma lokacinsa ne. Gari ɗaya, mako ɗaya, sanyi lokacinsa ne, zafi lokacinsa ne! Na ce ana iska, ka ce Alhamdulillah. Na ce da yashi ko babu, ka ce ai Yaya hamada ce, sai godiya. Na fito maka a fili na ce Baba ya taho ko ya dakata, ka ce duk yadda muka gani, gida gidansa ne. Mu muka gani? Da wane idon? Ni da nake Lugbe, abin da nake gani daga tagar ɗakina shi ne shagon mai cajin waya da cunkoson motocin hanyar filin jirgi. Kai malamin lissafi ne, gwamnatin wata ƙasa ta ɗauke ka takanas don ka koya wa 'ya'yanta ƙidaya, amma yayarka ta roƙe ka amsa ɗaya tak mai kai da gindi ka kasa. Ni ba gaishe ka nake yi ba in na ce yaya gari. Gaisuwa mun gama ta tun a farkon waya. Tambayarka nake yi, kai kuma kana ta amsa mini kamar mun haɗu a ƙofar masallaci.

Da na ga ba za ka fisshe ni ba, na koma wa wayata. Na sa sunan garinku a wurin duba yanayi, kullum da safe kafin in karya sai na buɗe. Yau ta nuna mini hoton rana tana murmushi, gobe girgije da ɗigon ruwa, jibi wasu layuka a karkace da na kasa gane ko iska ce ko wayar ce ta lalace. Daga ƙarshe na haɗiye girman kaina na je wurin Leonard, maƙwabcinmu ɗan Pankshin, mijin Janet, wanda yake aiki da masu hasashen yanayi. Bawan Allah ya ɗauko kwamfutarsa ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, muka zauna a barandarmu. Ya ce garin naku a sama yake, tsakanin duwatsu, ga kuma tekun yashi shimfiɗe a arewacinsa. Ya ce wannan tsakanin, da sanyi ya tafi zafi bai gama zuwa ba, shi ne lokacin da garin ba ya da alkawari. Da rana ɗumi mai daɗi, rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar an buɗe firij. Hadari yakan haɗu ba sallama, ya zubar da ruwa har da ƙanƙara, busassun kwaruruka su cika su yi ambaliya, jim kaɗan kuma ka nemi ruwan ka rasa. In ƙasa ta bushe iska ta kaɗa, sai yashi ya tashi ya rufe gari.

Na ce to bana fa, me suke hange? Ya daɗe yana juya wasu taswirori masu launi-launi. Ya ce a yadda yake gani ruwan bana bai yi yawa a wajen ba, ƙasa a bushe take, kuma akwai alamar iska za ta ƙara ƙarfi nan gaba cikin watan nan. Can wajen ƙarshen Mayu sanyin yamma zai ja da baya, zafi ya zauna sosai, amma busasshen zafi ne, wanda ƙirji irin na Baba ya fi jurewa in yana cikin ɗaki. Ka ga inda aka ajiye ni ke nan. Lokacin da garinku zai fi dacewa da shi, shi ne lokacin da Dakta Clara ta ce ba za ta bar shi ya hau jirgi ba. Na matsa wa Leonard ya ce mini e ko a'a, sai ya rufe kwamfutar ya ce, "Madam, gaskiya ni ba zan ba ki garanti ba. Kwamfuta yana ganin iska daga sama ne kawai. Wanda yana shiga ɗakin mutum, sai oga da yake zaune a ciki zai gaya miki." Kowa na tambaya sai ya maido ni wurinka, kai kuma ka maido ni wurin lokacinsa ne.

Muna cikin haka sai ga Baba ya fito da sandarsa, ashe duk yana ji ta taga. Ka san tsohon hedimasta, kuma wanda ya koyar da labarin ƙasa tun kafin a haife mu. Ya zauna ya fara yi wa Leonard darasi a kan hamada, yadda yashi yake saurin ɗaukar zafi yake saurin sakinsa, da dalilin da ya sa gari mai tudu ya fi kwari sanyi. Leonard yana ta cewa haka ne Baba, haka ne Baba, kamar ɗan aji uku. Baba ya ce shi ya koyar da hamada a allo shekara da shekaru bai taɓa taka ta ba, yanzu Allah Ya kawo lokaci wasu yara suna so su tsorata shi da hoton girgije. Ya ce iskar da ba ta hana jaririya numfashi ba, ba za ta hana mijinta ba, don shi Ummi uwargidansa ce, kuma bai ga dalilin da za a raba miji da mata ba. Muka yi dariya. Darasin bai kai ƙarshe ba tari ya sarƙe shi, Leonard ne ya riƙe shi muka shigar da shi ciki.

Yanzu bari in faɗa maka abin da idona ya gani, tunda bakinka ya ƙi. Ranar da Nabilah ta kira ni ta bidiyo don in ga Ummi ta fara zama, ni ba Ummi kaɗai na kalla ba. Na ga yarinya cikin hular ulu da safa, a watan da ka ce mini zafi lokacinsa ne. Na ga hita a kunne ta yi ja a gefen kujera. Da ta juya wayar, na ga jiƙaƙƙen tawul an cusa shi a ƙarƙashin ƙofar falo, na ga gefen taga an bi shi da salatif. Na tambaye ta tawul ɗin na mene ne, yarinyar nan ta yi 'yar dariya ta ce ai Yaya sabo ne kawai. Na ce sabo da me? Ta ce wani lokacin akan ɗan yi iska. Na ce har ta hana fita? Ta ce a'a, sau ɗaya ne dai aka ce yara su zauna a gida don sama ta yi ja. Tana faɗa ta kama bakinta, ta ce wai tukunya tana ƙonewa. Kada ka yi mata faɗa, ba ta faɗi komai ba, ka koya mata darasinka ta haddace. Tawul ɗin ƙofarku ya fi ku duka gaya mini gaskiya.

Kada ka ɗauka ban san abin da yake cin ka ba. Na goya ka, na san ka. Gani kake in ka buɗe baki ka ce garin babu kyau yanzu, za a ce auta ya samu wuri ya ƙi ubansa, ko a ce matarsa ce ba ta son ɗawainiyar tsoho. Ka san bakin danginmu, ni ma na san shi. Kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kushe yanayi, don na Allah ne, wanda ya ce rana ta yi yawa Inna takan ce ya je ya rage ta. Duk na yarda. Amma faɗin cewa ana yashi ba saɓo ba ne, ba kuma korar uba ba ce. Wannan karar da kake yi, ni kake bari da kayan. In na sa shi a jirgi ya sauka cikin jar iska wani abu ya same shi, ni ce na tura shi. In na riƙe shi a nan damina ta danne shi, ni ce na hana shi ganin jikarsa. Kai kana can da Alhamdulillah ɗinka, hannunka fes. Wallahi na gaji, kuma ina jin haushinka irin wanda ban taɓa ji ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ku biyun halinku ɗaya, kamar an tsaga kara. Kai kana ɓoye masa gari, shi yana ɓoye maka jiki. Ka san yadda ake shirya wayar da kake yi mana ranar Juma'a? Tun ana saukowa daga masallaci yake sa a kunna masa injin, ya shaƙi magani har ƙirjin ya buɗe. A jera masa filo a baya, ya sa hula ya karkata ta, ya sa in goge masa fuska da mai. In ka kira ya amsa da muryar hedimasta. Ka ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi, ya ma fi ka ƙarfi. Ka lura ba ya daɗewa? Ka lura kullum shi yake cewa to madalla, a gai da uwargida, ya miƙo mini wayar? Ba don ya ƙosa da kai ba ne, numfashin da ya tara ne ya ƙare. In na karɓa sai ya kafe ni da ido yana girgiza mini yatsa, ni kuma in yi ta jan ka da zancen Ameer don kada ka ji tarin da ake yi a bayana. Na sha cewa zan faɗa maka, ya ce in na ɗaga maka hankali ka baro aikinka bai yafe ba. Masallacin unguwa da ke bayan gidanmu, yanzu sai ya huta a hanya kafin ya kai. Ranar Juma'ar da ta wuce a mota aka kai shi, a zaune ya yi salla.

Duk wannan da na iya ci gaba da haɗiyewa, ba don abin da ya faru ranar Asabar ba. Ka san jakarsa a ɗaure take tun ranar da biza ta fito, kullum sai ya buɗe ya sake jera kaya. A aljihun ciki yake ajiye 'yan kunnen Inna na zinariya, ƙananan nan masu kamar ƙwayar gero, waɗanda ya hana kowa taɓawa tun rasuwarta. Ya ce da hannunsa zai sa su a tafin mai sunanta. To ranar Asabar da la'asar aka yi ruwa mai yawa, aka ɗauke wuta, ƙirjin ya tashi. Muka yi ta fama har ya lafa. Ina tattara kofuna zan fita sai na ji ya yi magana a bayana. Ka san ni 'yar fari ce, tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya ce ke, ko wannan, ko uwar Ameer in yana cikin raha. Ranar sai na ji ya ce, "Rakiya." Na tsaya da tire a hannu, na ɗauka kunnena ne. Ya miƙo mini ɗan ƙullin ya ce, "Ajiye a wurinki. In ban samu zuwa ba, ki kai mata, ki ce daga mijinta." Na ce haba Baba, wace irin magana ce wannan, ai kai za ka kai. Bai yi mini musu ba, kuma ka san Baba bai taɓa barin musu ya wuce shi ba. Ya juya fuskarsa bango ya ce in ja masa ƙofa.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba, ni yayarka ce. Ka fita ƙofar gidanka ka dubi sama da idon ɗan da ubansa ba ya da lafiya. Ka tambayi maƙwabtanka 'yan garin, waɗanda suka ga wannan lokaci shekara da shekaru, yaushe iskar take kwantawa, kuma bana yaya suke ganinta. Ka faɗa mini ko yashin yana shiga har ɗakin da za ka sauke shi, ko ana iya toshe shi. Ka faɗa mini in rana ta faɗi bargo nawa kuke rufa da shi. Ka je asibitin da ke kusa da ku ka ji ko akwai likitan ƙirji, ka nuna masa takardun da zan turo maka tare da wannan. In ka duba ka ga za a iya, ka ce mini ya taho, ni da kaina zan rako shi ko da hutun da ba albashi ne. In kuwa ka ga garin ba zai karɓe shi yanzu ba, ka buɗe baki ka ce Yaya kada ya zo. Babu wanda zai ji daga bakina, in dangi sun yi magana ni zan tsaya a gabanka. Amma in ka faɗi haka, to ka san sauran. Sai ka je wurin shugaban makarantarku ka nemi izini, ka ɗauko Nabilah da Ummi ku taho. Kada ka ce sai dogon hutu, dogon hutunku tsakiyar daminarmu ne. Ɗaya daga cikinsu dai dole ya hau jirgi a watan nan, ko tsoho ko jaririya.

Ka gai da Nabilah da kyau, ka ce mata ban yi fushi da ita ba, Allah Ya yi mata albarka, ta ci gaba da sa wa yarinya hula. Ka shafa mini kan Ummi. Ka gai da abokinka Muktar da iyalinsa, da duk 'yan gida da kuke haɗuwa ranar Juma'a. Baban Ameer yana gaishe ka, ya ce in sassauta alƙalami, na ce ya bar ni da ƙanena. Ameer yana gaishe da Kawu. Leonard da Janet suna gaisuwa, ita ce take aiko wa Baba gwaten acca, shi kaɗai yake iya ci yanzu ba a yi rigima ba. Gwaggo Asabe ta sake tuna maka dabino. Allah Ya tsare ku, Ya kwantar muku da iska, Ya ba Baba lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Jibi Juma'a ce. Za ka kira, zai karkata hula, za ka ce yaya jiki, zai ce maka da sauƙi. Ka amsa masa da ladabi yadda ka saba, kada ka nuna ka san komai. Amma ni na faɗa maka a nan, babu sauƙi, Abdulmajeed. 'Yan kunnen suna cikin jakata, da su nake zuwa ofis ina komawa, na kasa samun inda zan ajiye su. Ba na so in zama ni ce zan kai su.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka Rakiya.